Kyamara ko ɗan kamasho: wa ya kamata ya sa ido kan takunkumi a motocin hayar Sakkwato?

Ranar wata Asabar bayan la'asar kawuna ya aiko a kira ni. Yana da bas-bas guda biyar, uku suna bin hanyar Gusau, biyu suna zuwa Birnin Kebbi, kuma yana cikin dattawan da ake jin maganarsu a tashar da yake lodi. Na same shi kan tabarma a ƙofar gida, riƙe da wata takarda mai sheƙi. An buga hoton fasinjoji a kanta, an zagaye fuskar kowane da layi, wani kore wani ja.

"Ɗana, zamna ka diba min wanga abu," in ji shi. "Wasu samari sunka zo muna da shi. Wai kyamara ta, a liƙa cikin mota, ita ka hwaɗin wanda yas sa takunkumi da wanda bai sa ba. Kai aikinka na. A saye ko a bari?"

Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu." Sana'ata ke nan, haɗa kyamarorin tsaro da sola a shaguna da gidaje, kuma na san da na ce a saya, aikin haɗawar ni zai faɗo wa. Shi ya sa na fi so in auna maganar da kyau kafin in buɗe baki. Abin da na kai masa shi ne na rubuto nan, domin ba shi kaɗai za a kawo wa irin wannan takarda ba.

Wani zai ce ai korona ta wuce, me ya dawo da zancen takunkumi? Gaskiya ne. Cutar ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta iso Sakkwato a watan Afrilu, a Janairun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta wajabta rufe hanci da baki a wuraren taruwar jama'a har da motocin haya, sannan ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana. Amma mu nan ba korona kaɗai ke bin numfashi ba. Duk wanda ya ga sanƙarau na 2017, wanda ya kashe sama da mutum 1,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, bai manta ba. Mashaƙo ya ɓarke a arewa tun ƙarshen 2022. Tarin fuka kuwa bai taɓa tafiya ko'ina ba. Allurar rigakafi ce babbar garkuwa ga sanƙarau da mashaƙo, babu mai musun wannan, amma duk ranar da wata annoba ta taso, abin da hukuma za ta fara cewa shi ne a rufe baki da hanci a mota. To ranar nan wa zai duba?

Ita wannan na'ura aikinta hawa biyu ne. Da farko manhajar tana lalubo inda fuska take a cikin hoton da kyamara ta ɗauko. Daga nan sai ta dubi rabin fuskar na ƙasa ta yanke hukunci: a rufe yake ko a buɗe. Ba ta san mene ne takunkumi ba yadda ni da kai muka sani. An dai nuna mata dubban hotuna, an ce mata wannan ya sa, wannan bai sa ba, har ta kama kamannin. Saboda haka iyakar saninta iyakar abin da aka nuna mata, kuma yawancin tarin hotunan da aka koyar da irin waɗannan manhajoji da su daga Sin da Turai da Amurka suka fito. Wasu ma hotunan mutane ne marasa takunkumi aka manna musu shuɗin takunkumin asibiti da kwamfuta.

Akwai kuma bambancin da mai sayarwa ba ya cika son a tsaya a kansa. Na'urar da ke ƙirga daban, mai gane mutum daban. Ta farko cewa kawai za ta yi cikin mutum 18 da suka wuce, 11 sun rufe fuska. Ta biyu so take ta ce wane ɗan wane ne bai sa ba, domin a ci shi tara. Ta biyun nan ni tun daga nesa na soke ta. A Yulin 2020 hukumar auna ingancin fasaha ta Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska guda 89, ta tarar da cewa idan aka rufe fuska, har waɗanda suka fi ƙwarewa a cikinsu kuskurensu yana kaiwa daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin 100. Kafin nan, a 2018, binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru ya nuna wasu manhajojin manyan kamfanoni suna kuskuren tantance jinsin mace baƙar fata har kashi 34.7 cikin 100, alhali ga namiji farar fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma wanda zai ɗora tara kan talakan da ya fito daga Wurno ko Gwadabawa bisa shaidar na'ura, sai ya fara tabbatar mana da fuskokin su wa aka gwada ta.

Ko mai ƙirgar ma ba ta sha da daɗi ba a inda aka fara ta. A Mayun 2020 hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta Faris ta gwada kyamarorin wani kamfani mai suna Datakalab a tashar Châtelet-Les Halles. Ba a ajiye hoton kowa, lissafi kawai ake fitarwa. Duk da haka cikin watan Yuni aka dakatar da gwajin, bayan hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, CNIL, ta nuna cewa fasinja ba shi da wata hanya ta gaske da zai ce bai yarda ba. Sai a Maris na 2021 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta halatta shi, bisa sharaɗin lissafi kawai za a yi da shi, ban da hukunta kowa. Wannan a garin da ke da wuta dare da rana, da ƙofofin shiga da kowa ke bi ɗaya bayan ɗaya.

To mu dawo gida. Hanyoyin da ke gaban Kawu, in aka cire mai cin tara, ba su wuce huɗu ba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Wadda samarin suka kawo ita ce kyamara a cikin kowace mota. A takarda ita ta fi kyau, don a cikin motar ne haɗarin yake: mutum 18 ko fiye, kafaɗa da kafaɗa, awa uku ko huɗu, ga tagogi a rufe saboda sanyi da ƙurar hunturu. Mutum zai iya sa takunkumi a bakin ƙofa ya cire kafin a wuce Kwannawa, kuma kyamarar ciki ce kaɗai za ta ga haka. Wannan ita ce fa'idarta, kuma ba ƙarama ba ce.

Sai dai na san abin da zafin Sakkwato ke yi wa kayan lantarki. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da ta yini a rana tana jiran lodi. Ƙananan kwamfutocin da ake irin wannan aiki da su, kamar Raspberry Pi, da kansu suke rage gudu idan cikinsu ya kai digiri 80 zuwa 85, kuma manhajar duba hoto ita ma dumama su take yi. In ka sa mata fanka, fankar ta zuƙo ƙura. In ka rufe ta ruf don ƙura, zafi ya dafa ta. Gilashin kyamara da na goge da safe a watan Janairu, kafin azahar ya yi fari fat. Ga girgizar hanya da ke kwance waya, ga batirin mota da wani lokaci da ƙyar yake tada injin kansa.

A ce duk an shawo kan wannan. Saura gani. Kyamarar da ke saman gilashin gaba layin farko da na biyu kawai take gani sosai. Na baya kan wani ya tare shi, ko buhun da aka ɗora a cinya, ko goyon da aka juyo da shi gaba. Rana tana shigowa ta taga ɗaya ta haske rabin motar, ɗaya rabin ya yi duhu, kuma baƙar fuska a gaban taga mai haske inuwa kawai take zama a idon kyamara mai araha. Motar da ta tashi da asuba ko ta kai magariba a hanya sai an koma hasken dare na kyamara, wanda ke mai da hoto baƙi da fari, launin takunkumi ya ɓace.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Na'urar ta yi ƙara a tsakanin Dange da Tureta, ta ce na kujerar baya ya cire. Sai me? Direba ya saki sitiyari ya juya? Ya tsaya a daji ya sauke shi, a hanyar da kowa ke addu'ar a wuce lafiya? In kuwa ba abin da zai biyo bayan ƙarar, kafin sati biyu direban zai zare wayar, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu ga abin da na gani da idona. Lokacin kullen korona na sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan na kyauta, na kunna ta da kyamarar laftof a zauren gidanmu, duk wanda ya shigo ya tsaya gabanta. Ƙanwata ta zo da niƙabi, nan take layin da ya zagaye fuskarta ya yi kore, wato ta sa takunkumi. Wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo da rawani, ya ja amawali ya rufe baki, shi ma kore. Da ya sauke amawalin, farin gemunsa ya sa layin yana tsalle tsakanin kore da ja. Wani ɗan kabu-kabu da ya ɗaura hankici don ƙura, kore. Ni kuma na sa baƙin takunkumi na gaske, na rufe hanci da baki yadda ake so, amma da yake magariba ta kawo jiki kuma zauren ba haske sosai, sai ta ba ni ja. Da na zamo da shi ƙasan hanci na matsa kusa da fitila, ta ba ni kore.

Dattijon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, wagga aba ba ta san mutanen garin ga ba."

Maganarsa ita ce gaskiyar lamarin. Niƙabi sutura ce, ba don tace numfashi aka ɗinka shi ba, yawanci ƙyalle ne mara kauri kuma a sake yake ta ƙasa. Amawali haka, rawanin Buzaye haka, gefen mayafin da mace ta ja ta rufe baki don kunya ko ƙura haka. Duk waɗannan na'ura za ta lissafa su cikin masu takunkumi. Wata kuma ta sa takunkumin kirki a ƙarƙashin niƙabinta, kyamara ba ta da hanyar sani. A wani gari wannan ɗan ƙaramin kuskure ne. A motar da ta taso daga Illela ranar kasuwa, yana iya zama rabin fasinjojin. Illarsa kuwa, kuskuren gefe ɗaya yake karkata: kullum lissafin zai nuna an fi sa takunkumi fiye da yadda ake sawa, hukuma ta ga adadi mai daɗi ta saki jiki. Ana iya gyara wannan in aka sake koyar da manhajar da hotunan mutanenmu, amma hakan na nufin a ɗauki dubban hotunan matan aure da dattawa da yardarsu, a zauna a tantance su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya, kuma zan so in ga an yi shi, sai dai ba aikin mai bas biyar ba ne.

Hanya ta biyu ita ce kyamara ɗaya ko biyu a ƙofar tasha, mai ƙirga kawai. Nan yawancin matsalolin ƙarfe sun ragu. Tana wuri ɗaya ba girgiza, za a yi mata rumfa, a ba ta farantin sola da batirinta, a sa yaro ya riƙa goge gilashin safe da yamma. Mutane suna fuskantarta a tsaye cikin hasken rana. In an sa kwamfutar a jikinta, ba sai an tura hoto ko'ina ba, adadi kawai za ta aika, wanda bai fi saƙon tes nauyi ba. Wannan ya fi a ce ana kwarara bidiyo ta intanet zuwa wata kwamfuta mai nisa, abin da zai cinye data ba iyaka, ya tsaya duk lokacin da sabis ya ɗauke, kuma ya kai fuskokin mutane inda ba mu san mai kallonsu ba. Rauninta a fili yake: ba ta san abin da ke faruwa bayan mota ta fita ba, matsalar niƙabi da amawali tana nan, kuma tashoshinmu ba ƙofa ɗaya gare su ba. Fasinjoji da yawa ma a bakin titi suke shiga. Keke Napep da kabu-kabu, waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawan mutane a cikin gari daga Mabera zuwa Arkilla zuwa Runjin Sambo, ba su bi ta gabanta sam, ko da yake su a buɗe suke, iska na kaɗawa, haɗarinsu bai kai na bas ba.

Ta uku ba zan daɗe a kanta ba. A Mayun 2020 kamfanin Uber ya fara sa direbobinsa su ɗauki hoton fuskarsu da waya kafin su fara aiki, manhaja ta tabbatar sun sa takunkumi. Ba ta da tsada, amma direba kaɗai take dubawa, na daƙiƙa ɗaya, kuma mu a tasha ba da waya ake lodi ba.

Ta huɗu ita ce mutum. Ɗan kamasho yana bakin ƙofar mota tun asuba, shi ke karɓar kuɗi, shi ke nuna wa kowa kujerarsa. Ba ya buƙatar sola. Ya san bambancin amawali da takunkumi ko a duhu. Abin da ya fi muhimmanci, yana iya abin da kyamara ba ta iyawa, wato ya gyara lamarin nan take. Na taɓa ganin wani a lokacin korona, wata tsohuwa ta zo za ta hau ba komai a fuskarta, ya ciro ɗaya daga aljihu ya russuna ya ce, "Inna, ga wanga ki sa, don jikokinki." Ta karɓa tana sa masa albarka, har ya taya ta maƙala igiyar a kunne ta saman kallabi. Da na'ura ce, ja kawai za ta nuna, tsohuwar ta shiga mota yadda ta zo.

Ba na rufe ido kan aibinsa. Ɗan kamasho so yake mota ta cika, ba zai kori mai kuɗi a hannu ba. Yana jin nauyin Alhaji da malami, ya tsananta wa baƙauye. Yana gajiya, kuma in annoba ta ɗauki watanni sai ya saki. In aka ba shi ikon cin tara, an buɗe ƙofar na goro. In ka tambaye shi mutum nawa suka sa yau, zai ce kowa ya sa. A nan ne kaɗai na ga na'ura ta fi shi: ba ta gajiya, ba ta jin kunyar kowa, kuma ma'auninta na yau shi ne na gobe, don haka ko da adadinta ya karkace, tana iya nuna ko abin yana hawa ko sauka daga mako zuwa mako. Sai dai shi ma wannan lissafi akwai mai yinsa da araha. Ma'aikacin lafiya ɗaya da takarda da biro, ya leƙa motoci 10 kowace safiya ya ƙirga, zai kawo adadin da za a iya aiki da shi, kuma nasa ya ware niƙabi gefe. Kyamara tana fin sa ne kawai idan tashoshin suna da yawa kuma ana son lissafin yini gaba ɗaya.

Akwai kuma batun yarda, wanda mu 'yan arewa mun biya kuɗin karatunsa da tsada. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin arewa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020. Ka ɗauki kyamara ka saita ta kan fuskokin matan mutane a cikin mota ba tare da an yi bayani a masallaci da rediyo ba, kafin la'asar labari ya zaga gari cewa ana tura hotunansu waje. Ranar nan an yi asarar kyamarar, an kuma ɓata wa takunkumin suna. Doka ma tana nan: tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan da ake gane mutum da su ta siffar jikinsa cikin masu buƙatar tsananin kulawa, kuma wanda ya kafa na'urar shi ke da alhakin abin da ta tara.

Ga yadda na raba wa Kawu. Mai mota shi kaɗai, ko mai biyar ko mai goma, kada ya sayi ta cikin mota. Kuɗin kyamara da kwamfuta da waya da gyara na mota ɗaya zai sayi kwalayen takunkumi masu yawa, a ajiye wurin ɗan kamasho ya riƙa miƙa wa wanda bai zo da shi ba, a sanya kuɗinsa cikin kuɗin mota in ya kama. Direba ya tuna wa mutane sau ɗaya kafin a tashi, sau ɗaya in an tsaya salla. A bar tagogi biyu a ɗan buɗe, ɗaya gaba ɗaya baya, domin iskar da ke ratsa mota tana rage abin da ake shaƙa ko da wani ya zame nasa.

In kuwa ƙungiyar direbobi ko ma'aikatar lafiya ce ke son sanin halin da ake ciki a manyan tashoshi, to ta ƙofa mai ƙirga ta cancanci gwaji, amma gwaji, ba saye ba tukuna. A ce wa mai sayarwa ya kafa guda ɗaya wata ɗaya, a tsakiyar hunturu ko a tsakiyar bazara, a tsayar da mutum kusa da ita yana nasa lissafin, a gwama kowace yamma. A kawo mai niƙabi da mai amawali da mai farin gemu su wuce ta gabanta a gaban kowa. A buɗe akwatin a ga ko akwai memorin da ke ajiye hoto, a rubuta a yarjejeniya cewa adadi kaɗai ke fita. A tambaye shi wa zai zo gyara in ta tsaya, daga Sakkwato yake ko sai an jira wani daga Legas. A kafa allo da Hausa, boko da ajami, mai bayanin abin da take yi. Wanda kayansa ke da kyau ba zai ƙi ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Kawu ya saurare ni har na gama, ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin tabarma. Ya ce zai gaya wa samarin su kawo guda ɗaya a gwada a ƙofar tasha in hunturu ya kama, in sun yarda da sharuɗɗan. Sannan ya kira babban direbansa a waya ina zaune, ya tambaye shi tagogi nawa ne ba su buɗuwa a motocin. Aka ce huɗu, biyu a ɗaya daga motocin Birnin Kebbi sun maƙale tun bara. Ya ce ranar Litinin kada a yi lodi da ita sai an kai ta wurin mai gyara.